Baiti na Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ke nan ban san ko ni matar aure ce ko gwauruwa ba. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu na bayan dutse ina nan Maiduguri, na kawo 'yata Zion asibiti. Baban Zion yana gida yana yankan dawa. Mutanenmu suka watse cikin daji. Masu isowa suka iso, shi bai iso ba, kuma ba wanda ya ce mini ya ga gawarsa.

Cikin waɗanda suka iso akwai Mama Tabitha, tsohuwar maƙwabciyarmu. Kwana tara ta yi tana tafiya a ƙafa. Tun kumburin ƙafarta bai sace ba na je na tsare ta da tambaya. Ta ce da farko tare suke da shi, daga nan ta kasa ci gaba. Na koma ya fi sau biyar, amsar ba ta canza ba.

"'Yata, ba zai faɗu da baki ba. Ki saurari waƙata."

Ku ji mini tsohuwa! Ina tambayar mijina ana ce mini waƙa. Daga ranar na ɗauke mata kai, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A cocinmu da ke unguwar Mairi ni ce mai tsaron lokaci a zumuntar mata, kuma ban roƙi aikin ba, sun ga ba na jin kunyar kowa ne suka ba ni. Tun da gari ya rikice dattawa suka yanke cewa sujada ba za ta wuce awa biyu ba, don kada a daɗe a tare wuri ɗaya. Duk mai waƙa ta musamman baiti uku ne rabonta. Na huɗu in ta soma, in kaɗa ƙararrawa, masu kiɗan tulu su ɗauke hannu, ta zauna. Matar Fasto ma na taɓa zaunar da ita.

Mama Tabitha kuwa kusan kowane wata sai ta miƙe da waƙar nan tata da ta tsara da yarenmu na dutse. Baiti na farko ƙaya da duwatsu ne. Na biyu ƙishirwa. Na uku wata mata da ta haihu a gindin tsamiya. Amshin kuma roƙo ne, wai Yesu ya riƙe mata hannu yau kaɗai, na gobe sai goben ta zo. Mata su yi ta share hawaye, ni idona yana kan agogo. Da ta buɗe baki za ta shiga na huɗu sai in kaɗa mata, har da ɗan ƙarfi fiye da na kowa, ba zan ɓoye ba. Ta kan kalle ni, ta gyara ɗankwali, ta zauna. Ko sau ɗaya ba ta yi mini musu ba.

Ni a lokacin tsakanina da Allah ma sai a hankali. Ina tashi addu'ar safe, ina buɗe littafin waƙoƙi, amma bakina ne kawai ke aiki. Na roƙa ya dawo mini da mijina, shiru. Na rage, na ce to ya nuna mini kabari, nan ma shiru. Shi ya sa amshin tsohuwar nan ke ƙona mini rai. Wane hannu aka riƙe mini?

Watan jiya hawan jini ya buge ta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. A makon ne kuma aka ce kowa ya rubuta sunan nasa da ya ɓace, za a yi musu addu'a, aka manna takardar a ƙofar coci. Ranar Litinin ina rumfata a kasuwar kifi ta Baga Road, ina kakkaɓe ƙwari daga kifin banda, sai ga Dorothy, matar ɗan Mama Tabitha, ta sauko daga keke Napep ko gaisuwar kirki babu.

"Maman Zion, Gumdiya da kika rubuta, shi ne Baban Zion?"

Na ce shi ne. A wurinmu mace ba ta kiran sunan miji, don haka kaf cocin ba wanda ya taɓa jin sa a bakina.

Ta dafa teburina. "Sunan nan yana cikin waƙar Mama. Kullum da safe in tana shara takan rera ta har ƙarshe. Baiti tara ne, kowace rana ta tafiyarsu da nata. A na bakwai take kiran sunan, sau uku. Ni 'yar ƙabilar Babur ce, ba na jin yarenku, mijina kuma a nan ya girma, yaren ya kuɓuce masa. Na ɗauka wani ɗan'uwanta ne."

Ban ma rufe kifin ba. A cikin keke ina ta lissafin sau nawa na kaɗa mata ƙararrawar nan, na kasa ƙirgawa, sai na ji kamar in fasa ihu a tsakiyar titi.

Na same ta kwance a tabarma, bakinta ya karkace. Na durƙusa na ce, "Mama, ni ce. Na zo in ji waƙar." Dorothy ta ce magana ce ta tafi, amma in aka ɗauko mata amshi takan bi. Na ɗauko. Ni da ban taɓa rera shi ba, ashe yana kaina.

Ta bi ni. Baiti na farko ya fito tas, har na ji sanyi. Na biyu da na uku ma haka, don su ne bakinta ya fi sabawa da su. A na huɗu harshen ya fara nauyi. Na biyar rabi na kama, wani abu game da kogi. Na shida muryar ce kawai ke hawa tana sauka. Na kara kunnena a bakinta har ina jin numfashinta. Ta shiga na bakwai, ta kira sunansa sarai, sau uku, kamar yadda uwarsa ke kiransa. Abin da ya biyo baya kuwa ba kalma ko ɗaya a ciki. Ta rera shi har ƙarshe, hawaye na bin kuncinta, tana kallona, ita a ganinta ta gaya mini.

"Mama, sake mini na bakwai kaɗai."

Ba ta iya shiga daga tsakiya. Ta koma kan ƙaya da duwatsu, kafin ta kai na biyar barci ya ɗauke ta. Da ta farka na kama hannunta mai lafiya na ce, "In yana da rai ki matse hannuna." Ta matse. Na yunƙura zan miƙe. Dorothy ta ce a hankali in gwada ɗaya tambayar. Na ce, "In ya mutu ki matse." Ta matse da ƙarfi iri ɗaya.

Kullum na koma. Talata ta kai na biyar. Laraba na uku. Alhamis amshin kawai ta iya, ni na riƙa yi mata baitocin da na sani, uku ɗin nan. Ranar Asabar da hantsi ta cika.

Zion ta zo daga makaranta don jana'iza. Ta ji labari a bakin Dorothy tun kafin mu haɗu. Muna dawowa daga maƙabarta ta ja ni gefe, ta riƙe bakin zanena kamar tana ƙarama.

"Mama, me ta ce game da Baba?"

Na ce, "Ta kira sunansa."

"Sai kuma me?"

Ta tsaya tana jira, mutane suna wuce mu.