Dokar Gwangwani Ɗaya

Athol Rennick yana shan shayi a baranda sai ga a-kori-kurar 'yarsa Merrin ta dawo tun hantsi bai yi ba. Ta fita ne neman karen dajin da ya addabi 'yan ragunansu, amma ba kare ta kawo ba. Kwanson harsashi ɗaya ta dire masa kusa da kofi, kuncinta na dama duk baƙin hayaƙi.

"Baba, dubi aikinka."

Ya juya kwanson. 'Yar hular gindi, wadda ke tayar da wutar, ta fice gaba ɗaya, ramin ya yi baƙi ƙirin. Duk mai ɗura harsashi da hannunsa ya san ma'anar wannan: ƙarfin albarushin ya wuce abin da bindiga za ta ɗauka.

"Sakatar bindigar ma ƙin buɗuwa ta yi, sai da na buga ta da itace," in ji Merrin. "Ba don tabarau ba, da yanzu da ido ɗaya nake kallonka."

Athol ya san gaskiya ta faɗa. To amma tsoho ne mai taurin kai, kuma tun Merrin tana rarrafe yake wannan aiki. Harsashin kanti bai taɓa burge shi ba, cewa yake na masu harbin garwa ne. Gwiwa ta raba shi da babur, ido ya raba shi da harbi, gonar ma ta koma hannun Merrin. Teburin ɗura harsashin nan shi kaɗai ya rage masa, ai kuwa sai ya hau borin kunya.

"A gaban mota kika bar su rana ta gasa. Na sha gaya miki albarushi ba ya son zafin bazara."

"A cikin kular sanyi suke, kusa da ruwan sha. Kuma wace rana, da sassafe?"

"To ƙura ce a bakin bindigar."

"Kai ka goge ta jiya, tsoho."

Jiya? Bai tuna ba. Ya ɗauko ragowar harsasan daga motar ya nufi ɗakin aikinsa, ta bi shi.

Sikeli ya fara tuhuma. Ya ɗora masa ƙarfen gwaji, allura ta tsaya cak inda ya kamata. Ya zare kan harsashi ɗaya, ya juye albarushin ya auna, daidai. Ya zare na biyu, daidai. Ya auna tsawon kwanso, ya auna kan harsashin, ya koma ya sake auna abin da ya riga ya auna. Komai lafiya lau, kuma wannan lafiyar ce ta fi ɗaure masa kai. Da ya sami kuskure, da ya san da wa zai yi faɗa.

"To aljani ne ya shiga bindigar?" Merrin ta tambaya.

"Yi mini shiru, yarinya, ina tunani."

Ba tunani yake ba, tsoro yake ji. Ya jawo farantin da yake aje kofi a kai, ya zuba albarushin a kan farin tangaran, ya kai bakin taga. Na babbar bindigar Merrin ƙwayoyinsa dogaye ne, a hankali yake ci. Ga su nan kuwa. Sai dai a tsakaninsu akwai waɗansu gajeru, ƙanana kamar gero, na ƙaramar bindigar harbin yanyawa, mai ci farat ɗaya. Sikeli nauyi kawai ya sani, ba ruwansa da wane ne wane.

Ya sauko da gwangwanin albarushin babbar bindigar daga kanta. Sunan da ke jiki daidai ne. Ya zuba kaɗan a tafin hannu, a gauraye.

"Kin shigo nan ne?"

"Baba, wa kake bari ya shigo nan?"

Doka ɗaya ce a ɗakin, kuma shi ya kafa ta: gwangwani ɗaya a kan tebur, in an gama a mayar da ragowar cikinsa kafin a taɓa wani. A kan wannan doka ya taɓa korar maƙwabcinsu Clarrie har da hularsa a hannu. Yanzu ya tsaya yana laluben kansa. Ya tuna hannunsa yana juye mazurari, ya tuna yana murɗa murfi. Amma a wane gwangwani, kuma yaushe? Makon jiya ne, ko lokacin askin tumaki? Wurin babu komai, fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

"Wataƙila daga kamfani ya zo haka," ya ce, shi kansa bai yarda ba.

Merrin ba ta yi masa gardama ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo. Ta ɗauki gwangwanin, ta miƙa hannu ta ɗauko na ƙaramar bindigar ma.

"Wancan ai lafiyarsa ƙalau."

"Ka tabbata?"

Ya matsa ya ba ta hanya.

Albarushin da ba a san asalinsa ba, taki ake yi da shi. Suka fita bayan gida, ita tana warwatsawa a gindin lemun tsami, shi yana bi da mesar ruwa, har ƙwayoyin suka nitse cikin jar ƙasa. Ya kashe famfo, ya daɗe yana goge hannu a wando.

Daga nan ya zaro mabuɗin ɗakin daga aljihu ya miƙa mata. A hankali ya miƙa, don ya ba ta lokacin da za ta ce, "Haba Baba, riƙe abinka, kowa yana kuskure." Har ya shirya yadda zai ɗan ja kafin ya yarda.

Merrin ta kalli mabuɗin, idonta ya cika da hawaye. Ta sa hannu ta karɓa.