Waƙafi Ɗaya Tak

Ranar Litinin Uwar Ɗaki, mai jagorantar masu rubuta wata manhajar kwamfuta ta kyauta, ta aika wa kowa saƙo: daga yau hannu ya tsaya, ba ƙari ba ragi, sai an saki sabon zubi ranar Juma'a. Kowa ya ce to, ban da wani tsohon malamin makaranta da ke gyara musu rubutu, wanda suke kira Baba Jan Biro. Shi ya hango inda aka manta waƙafi a shafin taimako.

Ya roƙa ta waya a bar shi ya saka waƙafin, Uwar Ɗaki ta ƙi. Ranar Laraba sai ga shi a falonta, ya taho da matarsa ban baki.

"'Yata, ki rufa min asiri," in ji matar. "Tun shekaranjiya ya ƙi cin abinci. Har takardar cefanena ya bi ya zuba wa waƙafi."

Uwar Ɗaki ta danne dariya. "Mama, in na buɗe wa Baba ƙofa, mutum arba'in ne a bayansa."

Ta tashi ta buga shafin a takarda, ta miƙa masa. Baba ya gyara zama, ya ɗiga waƙafinsa a tsanake, ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya tambaya ko da sauran abinci a gidan.