Balan-balan a Bakin Lagireto

"Kaka, in ka mutu wa zai riƙa duba mana mota?"

Ɗiyata ce ta jefo tambayar, tana tsaye gaban tsohon da jan balan-balan a hannu. Kunya ta rufe ni. Na daka mata tsawa, amma Baba Makanike ya ɗaga hannu yana dariya, dariyar ta ƙare da tari.

"Ƙyale ta. Ke mai bakin tsiya, uwarki ce za ta riƙa dubawa. Ba ga shi ina koya mata ba?"

Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Lokacin da muka tare a layin, ƙarar gudumarsa ce agogonmu na safe. A ƙofar gidansa yake aiki, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, rediyonsa na rataye a ƙusa, direbobi na zaune a benci suna musu. Keken ɗinkina ma shi yake gyarawa, yana mitar an raina masa sana'a. Tun da ciwon ƙirji ya kama shi, bencin ya zama wayam, ya rage daga shi sai kujerar roba.

Washegari ne zan kai shi babban asibiti, tafiyar rabin yini. Baban yara yana aiki a nesa, ya bar mini motar da ya sayo ta hannu. Ni ce direba ke nan, kuma da ɗiyata da jaririna za a tafi, don ba ni da inda zan bar su. Inna, matar tsohon, har ta haɗa jaka.

Ana gobe tafiyar, da safe na fito da motar in wanke ta. Yana jin tashinta ya ce a jawo masa kujera kusa.

"'Yata, wannan farin hayaƙin da ke fita ta salansa tun yaushe?"

"Sanyin safiya ne, Baba."

"Sanyin safiya ba ya ƙamshin alawa. Tana shan ruwa?"

Na ce kullum sai na ƙara mata. Ya ce in kashe ta, mu jira ta huce sarai. Muna cikin jiran ne yarinyar ta yi waccan tambayar.

Ba ya iya sunkuyawa, sai na zama hannunsa. Ya sa na murɗe murfin baƙin mai.

"Me kika gani?"

"Wani abu kamar shayi da madara."

"Uhm. Ba lallai ba ne. Motar da ba ta doguwar tafiya takan yi haka. Ba a yanke wa inji hukunci da shaida ɗaya."

Sai da na taɓa robar ruwa na tabbatar masa ta yi sanyi kafin ya bar ni na buɗe lagireto, inda ake zuba wa mota ruwa. Sannan ya juya wajen ɗiyata.

"Ƙawata, ara mini balan-balan ɗin nan."

"Sai in za ka saya mini biyu."

"Kun ji ɓarauniya! Na yarda."

Na sace iskar, na buɗa bakinsa na sa a bakin lagireto, na toshe ƙaramin bututun gefe da tsumma kamar yadda ya ce. Na shiga na tayar. Ta gilashi na ga abin ya miƙe, ya fara kumbura a hankali, alhali inji ko ɗumi bai yi ba. Ɗiyata ta hau tsalle tana tafi. Tsohon bai yi dariya ba.

"Kashe. Gaskit ya ƙone, shimfiɗar nan da ke ƙarƙashin kan inji. Numfashin inji ne yake shiga cikin ruwa."

Na kashe, na fito na ce, "Baba, sai in cika jarkoki, mu riƙa tsayawa muna ƙarawa. Likita fa gobe ya ce."

"Da jariri a baya? A dogon hawan nan na hanya za ta tafasa, ba gida gaba ba gida baya, rana na dukan yara. Ban yarda ba."

Inna ta leƙo daga ƙofa. "Ka dai samu hanyar gudun allura."

"Ni na ƙona shi?"

Na kawo maganar motar haya. Ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki gwamutsi ba, kuma bai taɓa shiga motar da bai saurari injinta ba, ba zai fara da tsufa ba. Muka yi, muka yi, ya kafe. Aka ja motar zuwa garejin wani da ya koyi aiki a hannunsa, mutumin da shi ma furfura ta fara fito masa. Daga kan gado Baba yake kiransa a waya.

"Ka duba kan injin bai lanƙwashe ba. Notuna kuma daga tsakiya ake fara ɗaurewa, na san halinka."

Kwanakin nan ni nake kai musu ruwan zafi. Duk shigata sai ya tambayi mota, bai taɓa tambayar likita ba. Wata la'asar ina shanya na ji salatin Inna ta kan katanga. Na ajiye bokitin, na goya jariri, na shiga. Rai ya riga ya yi halinsa.

Ana zaman makoki mai garejin ya kawo motar. Ya ajiye ta nesa da mutane, ya kira ni gefe, ya zaro tsohon gaskit ɗin daga leda. Tsakanin ramuka biyu ya cinye, ya yi baƙi, faɗin wurin bai kai farcena ba.

"Da ba ku kai rabin hanya ba," ya ce. Ya goge ido da bayan hannu, mai ya shafe masa kunci.

Har yau nakan tuna ƙanƙantar wurin nan. 'Yar'uwa, in motarki tana shan ruwa tana fitar da farin hayaƙi, kada ki ce za ki lallaɓa. Kada ki ɗora ɗanki a cikinta, ko wa za ki kai, ko wa ke jiran ki.