Malam Yana Barci

Shekara talatin Malam Arzika ya yi yana raba faɗa a Nahuce. Ba alƙali ba ne, ba mai unguwa ba. Manomin gero da dawa ne kamar kowa. Sai dai Allah ya ba shi iya magana da haƙurin sauraro. In shanu suka faɗa gonar wani, kafin zance ya kai Bunguɗu sai a ce a je ƙofar Arzika. A shimfiɗa tabarma, mai gona ya faɗi tasa, mai shanu ya faɗi tasa, a tashi ana musabaha. Matarsa Hanatu ta saba dama furar mutum goma ba tare da an aiko mata ba.

Bayan ya haura sittin da biyar kunnensa ya fara nauyi. Da farko sai an maimaita masa. Daga baya ya koma kallon bakin mai magana yana cankar abin da aka ce.

Wata rana bayan la'asar, a bakin masallaci, maƙwabcinsu Sabiru ya matso ya shaida masa cewa jaririn da aka haifa masa shekaranjiya ya koma. Kalmar haihuwa kaɗai Malam ya tsinta. Ya washe baki ya ce, "Madalla! Allah shi raya." Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka juya baya suna danne dariya.

A wajen injin niƙa Hanatu ta ji labarin. Sabiru bai riƙe abin a ransa ba, amma ita ta kasa haɗiye shi. Da ta koma gida ta durƙusa kusa da kunnen mijinta.

"Malam, ka huta hakanan. Mutumin da ake miƙewa in ya iso, ba zan zauna ina ji ana yi masa dariya ba."

Shi ma kunyar ba ta sake shi ba. Ya ce, "To."

Daga ranar Hanatu ta tsare ƙofa. Duk wanda ya yi sallama, daga bayan zaure za ta amsa: "Malam yana barci." Masu rigima suka zo suka gaji, suka daina. Masallaci kaɗai yake fita, ana sallamewa ya juyo gida, don kada wani ya tare shi da zance.

Akwai amininsa Tambaya, bafulatanin da suka daɗe suna sasanta mutane tare, wanda tsufa ya mayar da shi wurin 'ya'yansa a Tsafe. Sau uku yana shiga mota zuwa Gusau, ya sake wata zuwa Nahuce. Sau ukun nan amsa ɗaya ya samu. A zuwa na ukun ya jima tsaye a rana, sannan ya ce, "To, in ya tashi a gaishe shi." Bai sake dawowa ba.

Ko cikin gida hirar ta mutu. Hanatu ba ta son ɗaga murya maƙwabta su ji, sai ta koma yi masa nuni da hannu: ga tuwo, ga ruwan alwala. Gonar ma ta sa aka ba ɗan ƙanensa ya noma. Malam ya yini a gindin darbejiya yana kallon bango. Wani lokaci ta ga hawaye a idonsa, ta ce ciwon ido ne.

A shekara ta huɗu ya fara neman hular da ke kansa. Ya yi alwala, ya zauna, ya tashi ya sake. Ranar da 'yarsu Mansura, malamar makaranta a Gusau, ta zo gaishe su, ya dube ta ya kira ta Hauwa, sunan yayarsa da ta rasu tun kafin a haife ta. Mansura ba ta koma ita kaɗai ba. Ta ɗauke su duka biyun zuwa asibiti a Gusau.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Mansura ba. Ta matsa kusa da kunnensa ta tambaye shi yau wace rana ce, wane wata ake ciki. Ya yi murmushi ya dubi Hanatu, kamar yadda ya saba, don ta amsa masa. Bayan gwaje-gwaje likitar ta juyo.

"Inna, da wa Baba yake hira?"

Hanatu ta buɗe baki, ta rasa sunan mutum ko ɗaya.

"Gigin tsufa ne ya fara kama shi," in ji likitar. "Dalilansa suna da yawa, wasu ba yadda mutum zai yi da su. Amma kaɗaici, da damuwar da aka bari ta daɗe, da mutum ya ga kamar ba a bukatarsa, duk suna iya ƙara masa gudu. Kunnen nan kuwa, akwai ɗan abin da ake saƙalawa ya taimaka wa ji."

"Tun da can akwai shi?"

"Akwai, Inna."

"Ni na hana mutane ganinsa," Hanatu ta ce. "Mutuncinsa nake tsarewa."

"Ban ce ke kika jawo ba. Ko da an yi komai daidai, ciwon yana iya zuwa."

"Zai dawo yadda yake?"

Likitar ta girgiza kai a hankali. "Abin da ya tafi, da wuya. Wanda ya rage shi za mu riƙe. A fitar da shi cikin mutane, a riƙa tambayarsa shawara ko da an san amsar."

Mansura ta ce za ta nemi Tambaya a waya. Hanatu ta ƙi. Ta ce da ƙafarta za ta je. Bayan kwana biyu ita da Mansura suka shiga motar Tsafe. Suka same shi a ƙofar gidan ɗansa yana tufkar igiya. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Tambaya ya ajiye igiyar. "Ai na san ba barci yake ba, Hanatu. Ina jin tarinsa daga zaure. Na ɗauka shi ne ya gaji da ni." Sannan ya ce, "Da kin bar ni na shiga. Ni da na ƙare rayuwata ina kiran shanu daga nesa, kurma zai gagare ni?"

Ranar Juma'a ya zo. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka fito da Malam, abin jin yana maƙale a kunnensa. Tambaya ya kama hannunsa ya gaishe shi da ƙarfi. Malam ya amsa cikin ladabi, irin amsar da ake yi wa baƙo.

Tambaya bai karaya ba. Ya kawo zancen wata rigima da ake yi a 'Yandoto, tsakanin wani mai wake da wani mai tumaki, ya ce sun rasa ta inda za su ɓullo mata. Malam ya gyara zama. Ya ɗaga yatsa.

"A fara jin mai gona. Shi ne ransa ya fi ɓaci."

"Sannan fa?" Tambaya ya tambaya, idonsa ya kawo ruwa.

Malam ya buɗe baki, zancen ya kuɓuce masa. Ya dubi tafin hannunsa. Duk da haka suka zauna har la'asar, Tambaya na ta ba da labari, Malam na dariya a inda ya dace da inda bai dace ba. Sabiru da wasu dattawa biyu da suka zo wucewa suka cire takalma suka zauna.

Da Tambaya ya hau babur zai koma bakin titi, Hanatu ta fito ɗaukar kwanon fura. Malam ya bi babur ɗin da kallo har ya sha kwana.

"Wannan mutumin kirki ne," ya ce mata. "Mi ya hana shi zuwa tun da?"

Hanatu ta durƙusa ta ɗaga murya, ba ta damu da wanda zai ji ba.

"Ni ce, Malam. Ni na hana shi."

Ya gyaɗa kai, amma hankalinsa ya riga ya koma kan wata kaza da ke tsattsagar gero a bakin tabarma.