Rijiyar Nomau

A shekarar fari tafkin Gidimuni ya ja baya, albasar Nomau da 'yarsa Lubabatu ta rasa ruwa. Nomau ya saba aiki shi kaɗai, haka kuma ya fara haƙa rijiya a gonarsu.

Da ramin ya wuce tsayinsa, duk yashin da ya watsa sama sai ya zubo masa a ka. Kwana biyu zurfi bai ƙaru ba, albasa tana yaushi.

Lubabatu ta kira maƙwabcinsu Alkasum. Ya leƙa ramin, igiya a hannu.

"Nomau, wankan yashi kake?"

"Bar surutu, sako gugan."

Kafin la'asar yashin da Alkasum yake jawowa ya fara danshi. Lubabatu ta gane babanta yana da ƙarfi, mai ja daga sama ne ya rasa.