Kakana a Layin Gaba

Ina tsoron Baffa, kuma ba zan ɓoye ba. Tun da na gama difloma na samu aiki a ɗakin adana tsofaffin finafinai yake yi mini kallon wanda ya shigo masallaci da takalmi. Mahaifinsa, wato kakana, shi ne limamin da aka ce ya kori majigi daga garinmu, har ya rasu bai yarda an ɗauki hotonsa ba. A kan wannan labarin Baffa ya gaji limanci.

Ranar Talata ina goge wani naɗin fim mai warin tsami, wanda aka ɗauka ranar da majigi ya fara zuwa, sai ga wani mutum a layin gaba na 'yan kallo. Fuskar Baffa ce sak, ga kuma hannun hagun kakana mai yatsu huɗu da muka sha jin labarinsa. Yana dariya har rawaninsa ya karkace.

Na yi kuskuren faɗa wa ƙanwata. Washegari da hantsi Baffa ya iso ofis, riƙe da hannun Iya, mahaifiyarsa.

Na ja labule, na kunna injin. Daƙiƙa tara ce kacal. Baffa ya leƙa bayan injin, ya shinshina fim ɗin, sannan ya tsura wa hannuwana ido.

"Ku 'yan boko babu abin da ba ku iya haɗawa. Wa ya sa ka? Masu neman kujerata?"

"Wallahi Baffa, haka na same shi. In da an yi masa jone, da an ga gaɓar."

"Kana da almakashi?"

Ina da shi. Na kuma san in na yanke, shugabana zai gani, aikin ya tafi. Duk da haka na buɗe aljihun tebur.

"Sake kunnawa, ɗan nan," in ji Iya.

Ta matsa har inuwarta ta hau bango.

"Shi ne. Rigar ma ni na wanke ta. Ce mini ya yi ta'aziyya za shi, ja'iri."

"Iya, in mutane suka gani fa?" in ji Baffa.

"Shekara talatin ina gidansa ban ga haƙoransa haka ba." Ta juyo gare ni. "Kai, rufe teburin nan. Babu mai taɓa fim ɗin. Gobe zan dawo da tabarau."