Wuyan Maharazu

Daga shingen kwastan na Jibiya har inda duwan, wato kwastan Nijar, suka kafa tutarsu, ba a yi wanzami kamar Ɗantala ba. Wanda ya ce an yi, to ya kawo wuyan da zai nuna. Ko bihim bai sani ba a takarda, amma in ya shafa fuskar mutum da yatsa, ya san inda kowane gashi ya kwanta.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka cika ƙasa, fetur ya fi fura araha, manyan motoci na kwasar ganguna suna tsallakawa Maraɗi. Kowane mai kaya yana da ƙaton da ke raka masa mota, kuma cikinsu babu wanda ake tsoro kamar Maharazu, ɗan tauri daga Bugaje. Abincinsa kaf a kan magana ɗaya yake, cewa ƙarfe ba ya cinsa. Masu tare hanya in suka ji shi ne a saman kaya, gida suke komawa.

Sai dai fatar wuyansa laushi gare ta kamar ta jariri, gashin kuma murɗaɗɗe. Wani wanzami mai suna Abdu ya taɓa yi masa aski cikin gaggawa, ya kankare gashin ta inda bai kwanta ba. Washegari wuya ya yi jawur, ƙuraje suka feso. Wani direba ya ce a rumfar mai shayi, ashe aska ma tana barin sawu a jikin 'yan tauri. Kafin azahar Maharazu ya jawo Abdu har gindin wata mota, ya ɗora hannunsa na dama a kan ƙarfen taya, ya yi ta sauke masa sifana har yatsun suka koma kamar dakakkiyar kuɓewa. Abdu ya tattara ya koma garin Kusa, da hagu yake cin tuwo.

Da gemu ya sake fitowa, sai ga Maharazu a kan tabarmar Ɗantala.

"Wanzam, ka ji abin da ya sami Abdu?"

"Na ji, Sadauki."

"To hannu nawa gare ka?"

"Biyu. Kuma duk ina so."

Ɗantala ya karɓo ruwan zafi daga murhun Hajo mai ƙosai, ya tsoma tsumma ya naɗe wuyan har gashin ya yi laushi. Ya murza sabulun salo ya yi kumfa. Ya wasa askar a kan fata har ta daina ƙara. Sannan ya ja fatar da babban yatsansa na hagu, ya bi gashin yadda ya kwanta, nan ƙasa, nan gefe, a ƙarƙashin maƙogwaro kuma inda gashin ya yi cibiya ya zagaye shi a hankali. Inda aska ta bi sau ɗaya ba ta komawa. Ya goga alif mai tsayar da jini, ya shafa man kaɗanya. Gari ya waye wuyan nan sumul kamar bayan ƙwarya. Haka suka yi ta yi har damina ta wuce.

Ranar kasuwa ce abin ya faru, da hantsi, mutane cike da bakin shinge. Uwaisu ya zo, wani ƙato daga tsallake wanda ya daɗe yana son ƙwace rakiyar motocin. Ya zauna a kan benci, wuƙa a damtse, yana kallon tsumman da ke tururi a wuyan Maharazu.

"Hajo, ƙaro itace," in ji shi. "Maijego ba ta gama wanka ba."

Wuri ya ɗauki dariya.

"Mi ka ce?" in ji Maharazu.

"Cewa na yi barka da haihuwa. A wajenmu ɗan tauri a bushe ake yi mai aski. Wanga gashi da ruwan zafi sai masu ɗanyen jiki."

Maharazu ya sa ƙafa ya shure kwanon, ruwan ya watsu a sangalin Ɗantala. Ya fizge tsumman ya yar, ya goge wuyan da hannun riga.

"A bushe. Kuma ka taso da shi daga ƙasa, kowa ya ji ƙarar."

Ɗantala ya sunkuya daidai kunnensa. "Sadauki, in na yi haka, gobe wuyanka zai yi magana."

Marin da ya sha sai da haƙorinsa ya fasa leɓe. Ya tofar da jini, ya ɗauki askar. In ya ƙi, hannunsa yau. In ya bi umarni, hannunsa gobe. To amma Ɗantala ba a kan Maharazu ya fara ganin ƙato ba. Ya tura hannun hagu cikin zabira kamar mai neman dutsen wasa aska, ya lakato man kaɗanya a tafinsa, ya dunƙule alif tsakanin yatsu. Duk inda ya ja fata, man ya riga aska zuwa. Yana ɗaga gwiwar hannu sama kamar mai tasowa daga ƙasa, bakin askar kuwa kwanciyar gashi yake bi. Ya kusa cin rabi.

Uwaisu ya ga ba a ji ciwo ba. Ya miƙe kamar mai tafiya, ya wuce ta bayansu, ya ɗaga wani guntun ƙarfe ya doka wa gangar fetur da babu komai a ciki.

Maharazu ya zabura. Askar ta shiga ƙarƙashin muƙamuƙi, kaɗan, kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Jini ya tsatso.

Ɗantala bai yi shawara da kowa ba. Kafin ɗigon ya gangaro, ya ja askar a kan babban yatsansa na hagu har ya ji ta taɓa ƙashi, ya danna yatsan a kan yankan wuyan tare da alif ɗin. Jini ya wanke wuyan, ya gangara cikin riga.

"Ta zame," in ji shi da ƙarfi, yana ɗaga askar sama. "Kamar a kan dutse ta zame, ta dawo ta ci ni. Ku duba abin da wuyansa ya yi mini."

Mutane suka matso. Wasu na salati, wata mata ta rufe ido da gyale.

"A wanke wuyan mu gani," in ji Uwaisu.

Maharazu ya ɗaga ido ya dubi Ɗantala. Ya ji shigar ƙarfen, yana kuma jin zafin alif yana cin wurin. Ɗantala bai ɗauke yatsa ba sai da ya tabbata jinin wuyan ya tsaya.

"Zo ka wanke da kanka," in ji Maharazu.

Uwaisu ya kai hannu ga wuƙar damtsensa, amma bai kai ga zaro ta ba. Maharazu ya yi masa karo da goshi a kan hanci, aka ji ƙarar kamar an fasa tulu. Ya ɗauki bencin ya karya a kafaɗar Uwaisu, ya bi shi ƙasa ya kama shi ta ƙeya yana buga fuskarsa a jikin gangar, yana bugawa, har sai da wani soja ya harba bindiga sama. Da aka janye Maharazu, daga gemu har ƙirji jini ne, babu mai iya cewa wannan na wane ne. Mutanen Uwaisu suka jefa shi bayan mota suka tsallaka da shi, bai ƙara leƙo Jibiya ba.

Da taro ya watse, Maharazu ya dawo ya tsuguna gaban Ɗantala, wanda ke ɗaure yatsa da ƙyalle. Ya kama hannunsa na dama, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sake shi, ya damƙi na hagun, ya matse yankan har ƙyallen ya jiƙe.

"Jinin wa ne, Wanzam?"

"Nawa ne."

"Ko a gaban matarka?"

"Ko a gaban liman."

Maharazu ya zauna a kan tabarma, ya ɗaga haɓa. "Rabi ya rage."

Ɗantala ya ƙarasa masa da hannu ɗaya, jini na ɗiga daga ɗayan, bai bar ko ƙwarzane ba.

Babban yatsan bai sake lanƙwasuwa ba, sai ya koyi jan fata da manuni da na tsakiya. Maharazu zazzaɓi ne ya kashe shi a kan gadonsa, kuma a sanin mutanen Jibiya ƙarfe bai taɓa cinsa ba. Ɗantala kuwa ya aske 'ya'yan waɗanda suka tsaya kallo ranar nan, ya aske jikokinsu, da hannun dama mai yatsu biyar cif.